Bushewar baki da tokarewar maƙoshi: a bincika kafin a kira wanzami

 

Yau za mu yi magana bisa wani abu da kusan kowa ya taɓa ji a jikinsa. Mutum ya tashi da safe, ya ji bakinsa ya bushe ƙamas, harshe kamar an barbaɗa masa toka. Ko kuma ya ji wani abu ya tokare masa maƙoshi, kamar lomar tuwo da ta ƙi wucewa. Ya haɗiye miyau, abin yana nan. Ya yi kaki, babu abin da ya fito.

A Tsibiri da Maradi da Jiratawa, da sauran garuruwan bakin Gulbi, in mutum ya faɗi haka cikin gida, amsar da ya fi samu ita ce: "Hakin wuya ne, a kira wanzami." Wasu belu suke ce masa. Sai wanzami ya zo da zabirarsa, ya danne harshe, ya yanke.

To, mafi yawan lokaci hakin wuya ba shi da laifin komi. Bushewar baki tana da dalilanta, tokarewar maƙoshi ma tana da nata. Wasu dalilan ƙanana ne, ana maganinsu a gida. Wasu kuwa manya ne, ba a kwana da su. Aska ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu. Don haka ya kamata kowa ya san yadda zai bambanta su.

MIYAU DA AIKINSA

Mu fara da miyau. Akwai wurare shida manya da ke yin miyau, uku a dama, uku a hagu: gaban kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi, da ƙarƙashin harshe. Babban mutum mai lafiya yana yin miyau daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kowace rana. Ba ma lura da shi don haɗiye shi muke yi.

Miyau yana jiƙa abinci don ya wuce da sauƙi. Yana wanke haƙora, yana rage ƙwayoyin cuta cikin baki. In ya yi ƙaranci, baki yana wari, leɓe yana tsagewa, haƙora suna ruɓewa da wuri, magana ma tana yin wuya. Maƙoshin da ya bushe kuma yakan ji kamar wani abu ya maƙale cikinsa. Kun ga ke nan abubuwan nan biyu sukan zo tare.

MI KE BUSAR DA BAKI?

Na farko shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Miyau da ruwa ake yinsa, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Cikin bazara zafin ƙasar Maradi yana wuce digiri 40. Mai aikin noman rani a Jiratawa, da mai sharar gona, da makiyayin da ke bin bisashe tun hantsi har la'asar, duk suna zubar da ruwa mai yawa ta zufa. In ba su mayar da shi ba, jiki sai ya rage miyau ya rage fitsari don ya tanadi abin da ya saura. Ga hanyar ganewa mai sauƙi: ka dubi fitsarinka. In ya yi kaɗan kuma ya yi ja kamar shayi, jikinka yana neman ruwa. In yana da haske, ruwan ya isa.

Na biyu shi ne zawo da amai da masassara. Waɗannan sun fi yi wa yara ƙanana ɓarna. Za mu komo kansu a gaba.

Na uku shi ne toshewar hanci. Lokacin hunturu iska busasshiya ce, ga ƙura, ga mura. Wanda hancinsa ya toshe da baki yake numfashi cikin barci. Shi ya sa yake tashi da busasshen baki da maƙoshi mai kaikayi. Mai minshari ma haka yake fama.

Na huɗu shi ne abin da muke sha ko muke ci. Taba tana busar da baki, ta sha da ta ci duka. Wasu ƙwayoyin mura, da wasu magungunan hawan jini, da na taɓin hankali, su ma suna rage miyau. In likita ne ya ba ka maganin, kada ka bari da kanka. Koma ka gaya masa, ya san abin da zai yi. Sai kuma tramol, wanda wasu samari ke sha wai don su ji ƙarfin aiki. Yana busar da baki, yana sa farfaɗiya, kuma wanda ya saba da shi barinsa yana yi masa wuya. Zakami ma haka: wanda ya sha shi bakinsa yana bushewa sarai, idonsa ya buɗe, hankalinsa ya gushe. Wannan guba ce, sai a kai mutum asibiti nan da nan.

Na biyar shi ne ciwon sukari. Wannan yana shigowa a hankali, ba ya sallama. Mai shi yana jin ƙishirwa dare da rana. Yana shan ruwa da yawa, yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, yana ci amma yana ramewa. Wani lokaci ƙiyashi yana taruwa inda ya yi fitsari. Ƙaramin miki a ƙafa sai ya daɗe bai warke ba. Wanda ya ga waɗannan alamu ya tafi a auna masa jini. Ɗigo ɗaya ake ɗauka a yatsa, kuma nan take ake sanin amsa.

Na shida shi ne tsoro da damuwa. Duk wanda anka taɓa kira gaban sarki ko gaban alƙali ya san yadda miyau ke ƙafewa a baki. Wannan yana wucewa da zarar hankali ya kwanta.

ABIN DA KE TOKARE MAƘOSHI

Yanzu mu zo ga wannan abu da ake ji ya tsaya a wuya. Likitocin duniya duka sun san shi, ba a ƙasar Hausa kaɗai ake jinsa ba. Sau da yawa in sun leƙa maƙoshin ba su ganin ƙari ko wani tsiro. Naman maƙoshi ne ke ɗaurewa, sai mutum ya ji kamar dunƙule.

Ga yadda ake gane irin wannan. An fi jinsa in ana haɗiyar miyau kawai. In mutum ya zauna cin tuwo ko shan fura, abincin yana wucewa lafiya lau, har ma yakan ji sauƙi. Ba ya ciwo. Yau yana nan, gobe babu, jibi ya komo.

Abu uku sun fi kawo shi.

Ɗaya, damuwa da baƙin ciki. Mu ɗauki misalin magidancin da rumbunsa ya kusa ƙarewa tun damana ba ta faɗi ba, ga bashin taki, ga iyali. Ko matar da anka yi wa rasuwa, tana danne kuka don kada a ce ba ta da haƙuri. Bahaushe yakan ce abu ya tsaya masa a wuya, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ke cikin zuciya yana iya ɗaure maƙoshi. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma jifa ba ne.

Biyu, ƙwannafi. Cikin tumbi akwai ruwa mai tsami da ke narkar da abinci. In ya taso sama yana ƙona ƙirji da maƙoshi. Ya fi samun wanda ke cika ciki da dare ya kwanta nan take, da mai cin yaji da mai da yawa, da mai shan taba, da mace mai ciki.

Uku, majinar da ke gangarowa daga bayan hanci, da yawan kaki da gyaran murya. Mutum yana kaki don ya fitar da abin, kakin kuwa yana ƙara gurje maƙoshin. Gara a kurɓi ruwa kaɗan a haɗiye.

MINE NE HAKIN WUYA?

Ka ɗauki madubi ka tsaya cikin haske, ka buɗe baki ka ce "aa". Za ka ga ɗan nama yana reto a can ciki. Shi ne hakin wuya. Kowane ɗan Adam da shi ake haihuwarsa, Bahaushe da Bature da Balarabe. Ba cuta ba ne. Yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya, kuma shi ma yana fitar da ɗan ruwa mai jiƙa maƙoshi. In mura ta kama mutum yakan yi ja ya ɗan kumbura, in ta wuce ya koma yadda yake.

Yanke shi al'ada ce da munka gada. A gidaje da yawa ana cire wa jariri tun cikin satin haihuwa. Ana kuma cire wa yaron da ke amai ko ya ƙi nono, da babban da ya ji tokarewa. Iyaye suna yi ne don ƙauna, ba don mugunta ba. Amma likitoci sun ga abin da ke biyo baya. A wani bincike da anka yi a Yamai, anka buga shi a 1994, an tarar kusan yaro 1 cikin 5 an yanke masa hakin wuya kafin ya cika shekara 5. Binciken ya kuma nuna abin da ke kai wasunsu gadon asibiti: zubar jini, ruɓewar wurin yanka, ciwon sarƙe haƙora da ke sandarar da jiki, da faɗawar guntun naman cikin hanyar numfashi.

Jariri jininsa kaɗan ne, abin da babba zai zubar bai ji komi ba yana iya kashe shi. Bayan yanka kuma baki yana ciwo, yaro ya ƙi tsotso, ya ƙara ramewa. Askar da anka yi wa mutum biyu aiki da ita ba tare da an dafa ta ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wannan ta kai wa wancan.

Babbar hasara kuma ita ce ta lokaci. Ana jiran miki ya warke, cutar gaskiya tana can tana cin jiki.

Ba muna zagin wanzamai ba ne. Mutane ne masu daraja a gari, kuma jama'a tana jin maganarsu. Roƙonmu ga sarakunan aska da yaransu shi ne, in an kawo musu mai ciwon maƙoshi, su ce a fara kai shi likita. Wanzamin da ya yi haka ya ceci rai.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Mashaƙo. Wannan cuta ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022. A 2023 ta bayyana a ƙasarmu, ta fi tsanani wajen Matamai cikin jihar Damagaram, ta kuma taɓa wasu jihohi. Yara da yawa sun rasu. Tsakaninmu da waɗannan wurare kullum ana zirga-zirga, don haka mu san alamunta: masassara, ciwon maƙoshi, wata fata mai launin toka da ke manne a can cikin maƙoshi, kumburin wuya, da numfashi mai ƙara. Kada a kankare wannan fata, kada a sa mata aska, jini za ta yi. A kai yaro asibiti a ranar, a kuma raba shi da sauran yara, don ta tari da atishawa ake ɗaukarta. Mashaƙo yana da rigakafi. Yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai sau uku: a sati 6, da sati 10, da sati 14. Kyauta ake yinta. Uwargida, ɗauko katin awon yaronki ki duba ko ukun sun cika.

Bushewar jikin yaro. Yaron da ke zawo ko amai, in bakinsa ya bushe, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka babu hawaye, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Ki ɗan ja fatar cikinsa ki saki. In ta daɗe ba ta koma ba, abin ya yi nisa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanyar likita. In ya kasa sha ko ya yi laushi ƙwarai, ko tsakar dare ne a tafi.

Cizon kare. Makiyaya su saurara da kyau. Wanda kare ya ciza, in bayan makonni ya fara jin maƙoshinsa yana shaƙewa duk lokacin da ya so shan ruwa, ciwon haukan kare ne, kuma in ya kai haka ba ya jin magani. Maganinsa tun ranar cizo ne. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi neman allura a ranar, ko da cizon ƙarami ne.

Ga babba kuma, waɗannan alamu suna nuna ba ɗaurewar maƙoshi kawai ba ce:

1. Abinci yana tsayawa da gaske. Da farko nama ke ƙin wucewa, sannan tuwo, daga baya har kunu.
2. Haɗiya tana ciwo, ko ciwon yana harbawa zuwa kunne ɗaya.
3. Mutum yana ramewa ba dalili.
4. Murya ta dushe fiye da sati 3.
5. Akwai ƙullutu a wuya da ake taɓawa da hannu.
6. Ana ganin jini cikin kaki ko amai.
7. Tari ya wuce sati 2, ga zufar dare.

Wanda ya ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, musamman dattijo ko mai taba, ya tafi gidan likita mafi kusa, wato CSI. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba shi takarda zuwa asibitin Gidan Rumji, ko na Madarunfa, ko babban asibitin Maradi, inda ake da kayan leƙa maƙoshi. Ciwon da anka tara da wuri ya fi jin magani, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

MAƘOƘO

Akwai kuma kumburin da ake gani da ido a gaban wuya, wato maƙoƙo. Ya fi kama mata. In mai shi ta haɗiye miyau za a ga ƙullutun ya hau ya sauka. In ya girma yana danne maƙoshi, ya kawo tokarewa ta gaske. Babban abin da ke kawo shi a ƙasashe irin namu, masu nisa da teku, shi ne rashin wani sinadari da ake kira iyod cikin abinci. Rashinsa ga mace mai ciki yana kuma rage kaifin hankalin abin da za ta haifa. Don haka ne tun cikin shekarun 1990 gwamnatin Nijar ta kafa dokar sa iyod cikin gishirin ci. In za ku sayi gishirin miya, ku nemi wanda anka rubuta yana da iyod. A ajiye shi cikin abu mai marfi, nesa da rana da laima, don iyod yana gudu. Maƙoƙo ba a yi masa tsaga, ba a yi masa ƙaho. Likita ake nuna wa.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

In babu ko ɗaya daga cikin alamun haɗari, ga shawarwarinmu:

A riƙa tafiya gona ko kiwo da gorar ruwa mai tsabta. A sha kaɗan kaɗan tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba. Aiki mai nauyi a yi shi da sanyin safiya ko da marece, a huta a inuwa in rana ta take. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, sai a riƙa miƙa musu ruwa ko ba su tambaya ba.

Cikin watan azumi a sha ruwa isasshe tsakanin buɗa baki da sahur. Mai ciwon sukari ya shawarci likita kafin azumi ya kama.

Lokacin hunturu a rufe hanci da baki da rawani ko gyale in ƙura ta taso. A yi asuwaki safe da dare. Tauna asuwaki ma yana jawo miyau.

Mai ƙwannafi ya ci tuwon dare da wuri, kada ya cika ciki, ya bari awa 2 ko 3 su wuce kafin ya kwanta. Ya ɗaga wajen kan gadonsa kaɗan. Ya rage yaji da mai, ya bar taba. Kada ya mai da jiƙon kanwa abin shan kullum, don kanwa da yawa tana ɓata wa mai hawan jini da mai ciwon zuciya.

Wanda damuwa ta cika wa zuciya ya samu wanda ya yarda da shi, ɗan uwa ko aboki ko malami, ya faɗa masa abin da ke ransa. Maigida, in matarka ta ce abu ya tokare mata wuya, kafin ka aika kiran wanzami zauna ka tambaye ta abin da ke damunta. In rashin barci da rashin cin abinci sun haɗu da abin, a gaya wa likita, wannan ma aikinsa ne.

Ruwan gishiri da sukari kuwa, wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshin SRO da ake samu a gidan likita. Ana zuba ƙunshi ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu shi, a samu lita 1 ta ruwan da anka tafasa ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A motsa, a ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba yaro da cokali, kaɗan kaɗan. Abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo. A likita za a ƙara masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata 6 ba, in lafiyarsa lau, nonon uwa kaɗai ya ishe shi ko cikin bazara. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba shi nono.

In an yi duk wannan har sati 2 ko 3 abin bai sake ba, a tafi a bincika. Matambayi ba ya ɓata.

Ƴan uwa, ku da kunka yi yaƙi da jahilci kunka iya karatu, wannan magana amana ce a hannunku. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali, da bakin rijiya, da wurin suna, inda ake yawan yanke shawarar cire wa jariri hakin wuya. Wanda ke da tambaya ya rubuto mana, ko ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko, za mu kai wa ma'aikatan lafiya mu kawo muku amsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damana mai albarka. Amin.